Katin Sauti da Kaset ɗin Inna

Shekarun baya ne, dab da shiga shekarar dubu biyu. Ina zaune a shagon da nake aiki a Gumel, ina buga wa wani malamin firamare takarda a kwamfuta, sai wani ɗan acaɓa na ƙauyenmu da ke ƙasar Gagarawa ya tsaya a bakin ƙofa. Ya kashe mashin amma bai sauka ba, bai kuma yi min tsokanar da ya saba ba.

"Tashi mu je gida," ya ce.

"Jikin Inna ne?"

"Sai haƙuri."

Na bar takardar mutumin a rabi na hau bayansa. Ko da muka isa an riga an yi wa mahaifiyata wanka.

Yayana yana kasuwanci a Damagaram. Bai samu jana'iza ba, sai ranar sadakar uku ya iso. Da mutane suka ragu, ya ja ni bayan rumbu, ya zaro wani kaset daga aljihun ciki ya sa min a hannu.

Mahaifiyata ba ta rubutu, kuma ba ta yarda a rubuta mata wasiƙa. Cewa take mai rubutu rage magana yake yi. Don haka in tana da saƙo ga yayana, sai ta ajiye rediyo a gabanta ta yi ta magana, ranar kasuwar Maigatari a ba wani direba ya tsallaka da kaset ɗin. Yayana ya saurara, ya ɗauki amsarsa a kan wannan kaset ɗin dai, muryarsa ta shafe tata. In kaset ɗin ya dawo, ita ma ta shafe tasa. Kaset ɗaya ne yake ta kai da komowa tsakaninsu, ba wanda ya taɓa tunanin a ajiye. Wannan karon ne kawai bai kai ga mayar da amsa ba.

"Shi ke nan abin da ya rage na muryarta," in ji shi. "Rediyona ya taɓa cin zaren, da biro na naɗe shi. Na ɓalle haƙoran bayan don kada wani ya ɗauki magana a kai. Kai auta, ai an ce kwamfutarku ba abin da ba ta riƙewa."

Na ce to. Gaskiyar magana, a lokacin iyakar sanina da kwamfuta shi ne buga takarda da gyara layi. Amma a ƙauyenmu ni ne injiniya, kuma ba ranar musu ba ce.

Mai shagonmu Kirista ne daga wajen Filato. Ya yi aikin gwamnati a Gumel har ya yi ritaya, sannan ya buɗe shagon. Oga nake ce masa, shi kuma ɗana yake ce min. Da na koma aiki na faɗa masa abin da nake so, sai ya juya min bayan kwamfutar ya nuna min wasu 'yan ramuka.

"Wannan sabuwa ce, ɗana. Da sautinta ta zo, a jikin babban allon da ke ciki, wanda suke kira madabod. Waya kawai za ka jona daga rediyo zuwa nan."

Hankalina ya ɗan kwanta, har na kira wani abokina mai gyaran rediyo da talabijin, wanda ya koyi aiki a Kano, don ya haɗa mana wayar. Shi ya tayar min da hankalin kuma.

"Sautin jikin allo?" ya ce. "Oga, wannan ai na jin ƙarar kunnawa ne. Yana zaune cikin wayoyi da fanka, duk hayaniyar cikin gidan yake kwasa. In ana son murya ta fita fes, kati daban ake sayowa a soka mata."

"Kai dai so kake a buɗe min kwamfuta ka ga hanjinta," in ji Oga.

Abokina bai yi dariya ba, domin a lokacin ya ɗaga kaset ɗin yana duba zaren a haske. Ya ce an ɗauki magana a kansa har ya gaji, ga kuma inda ya tauye.

"Mutumina, sau ɗaya za mu juya wannan. In mun yi sa'a, biyu. Ba a gwaji da shi."

Sai muka yi gwajin da wani kaset. Na ɗauki muryata ina magana ƙasa-ƙasa yadda Inna take yi, muka shigar ta ramin jikin allo, muka kunna. Abin da na fara ji shi ne ashe muryata kamar ta akuya mai mura take, shekara da shekaru ba wanda ya gaya min. A ƙarƙashinta kuma akwai wani zuuu, kamar ƙuda a cikin kwalba. Da Oga ya motsa maus, wato linzamin kwamfutar, sai wani siririn fito ya biyo baya.

"Ai ana jin magana," in ji Oga.

Ana ji, ba ƙarya ya yi ba. Amma ni na san yadda mahaifiyata take magana. Ba ta ɗaga murya, kuma ƙarshen kalmominta faɗuwa suke yi, sai ka matso. Tsorona shi ne ƙudan nan ya haɗiye daidai wuraren.

Katin kuwa babu shi a Gumel, sai abokina ya shiga Kano sayen kayan gyara. Kuma kafin a saka shi sai an yage takardar da mai sayarwa ya manna a bakin kwamfutar, wadda in ta yage ba ruwansa da duk abin da ya same ta. Ita ke nan kwamfutar shagon, da ita Oga yake ciyar da gidansa. Ban iya buɗe baki na roƙe shi ba.

Haka na shiga tsaka mai wuya. In na ɗauka da na jikin allo, wataƙila na ƙarar da juyi ɗayan da muke da shi a kan sauti mai ƙuda. In na jira kati, ga zafin bazara, abokina ya ce zafi yana manne zare. Na naɗe kaset ɗin a tsumma na ajiye gindin randa don sanyi. Da ya ji, ya ce, "Kai, laima ta fi zafi kashe shi!" Na mayar da shi cikin akwati, na ga akwatin yana kusa da taga, na sake ɗauke shi. Haka na yi ta yawo da shi a ɗaki kamar mage da 'ya'yanta. Ko ina buga takarda, rabin hankalina yana can.

Yayana kuma yana ƙauye yana jira, kasuwarsa a rufe. Ranar da ya shigo Gumel ya same ni ban yi komai ba, ransa ya ɓaci.

"Wai katin nan na shiga jirgin Makka ne? Ka ɗauka da abin da ke akwai mana!"

"Yaya, in ya fita da ƙara fa?"

"In zaren ya mutu a akwatinka fa?"

Oga yana zaune yana jin mu. Washegari da na zo buɗe shago, na tarar ya riga ni. Ya sa farcen babban yatsa ya yage takardar nan da kansa.

"Ka ce wa abokinka ya sayo. Kwamfuta ana sayar da ita a Kano, ɗana, muryar uwa kuwa ba a sayar da ita."

Abokina ya dawo da katin, na hannu ne, a naɗe cikin jarida. Ya kwance murfi, ya soka shi, ya kashe na jikin allon, aka kunna. Fuskar kwamfutar ta tsaya baƙi ƙirin, sai wani ƙii ƙii da take yi. Oga ya tashi ya fita bakin titi ya tsaya yana kallon motoci, hannuwansa a baya. Na ce a raina na kashe wa mutumin nan abincinsa, kuma ko kaset ɗin ba a taɓa ba. Ashe wani abu ne abokina ya gusar da gefen hannu. Ya danna shi ya zauna, ta kawo haske. Muka sake gwada muryar akuyata. Ƙudan ya tafi, sai ɗan huci kaɗan.

Da hantsi muka yi aikin. Aka ja janareta can nesa, aka kashe fanka, aka tura ƙofa. Rediyon kuwa abokina ya ce kada a jona shi da wuta, batir za a sa. Yayana ya zaro sababbi daga aljihu.

"Ga pil, batirin Damagaram. Ba irin naku masu mutuwa a hanya ba."

Ni aka ce in danna. Na danna.

"Salamu alaikum. To, yana ɗauka? Jar wutar ta kama?"

Ita ce, kamar tana zaune a kan tabarma a gabanmu. Ta gaishe shi, ta gaida matarsa da yara ɗaya bayan ɗaya. Ta ce geron bana ya yi auki. Ta ce gwiwar tana nan yadda take, kada ya ƙara aiko da maganin shafawar nan mai wari. A bayanta zakara ya yi cara, wata tana daka. Har jan numfashinta kafin ta soma sabuwar magana ya fito. Yayana ya sauke hularsa ya rufe fuska da ita.

Ni ban iya sauraro yadda ya kamata ba. Idona yana kan zaren yana juyawa.

Dab da ƙarshen gefen farko muryar ta fara ja, ta yi kauri. Abokina ya kai hannu ya tsayar, amma zaren ya riga ya naɗe a ƙarfen ciki, kuma wajen zaro shi ya tsinke. Ya haɗa bakin biyu da jan farce, ya hura, ya naɗe a hankali.

"Ya haɗu," ya ce. "Amma ban ce ku juya shi ba. In ya sake kamawa, ba tsinkewa zai yi ba, dagargajewa zai yi."

Na tambayi yayana ko akwai magana a ɗaya gefen. Ya ce akwai, ta kai wajen rabi.

"Me ta ce?"

"Gaishe-gaishe ne da labarin gari. Ta ambace ka. Ban riƙe duka ba, auta. Na ɗauka zan sake ji."

Gefen da muka samu mun juye shi a sababbin kaset, kowa a gidanmu ya samu, daga baya aka mayar da shi faifai. 'Ya'yana da ba su san ta ba sun san muryarta.

Har yau ban san ko zaɓin da na yi shi ne daidai ba. Wataƙila da na ɗauka tun ranar farko da na jikin allo, zaren bai ƙara shan zafi ba, da mun samu gefe biyu da ƙuda a ciki. Wataƙila kuma ko yaushe aka juya shi a nan zai tsinke. Abin da na gane daga baya shi ne, duk kwanakin da na yi ina fargabar kati da allo, su ne kwanakin da ban zauna na yi kukan mahaifiyata ba. Fargabar ta riƙe ni a tsaye, kuma ban raina mata ba.

Yanzu yara suna ce min akwai masu na'urar da za ta iya karanta tsohon zare a hankali ba tare da ta ci shi ba. Nakan ce to, za a kai. Kaset ɗin yana nan a wurina, kuma gefe na biyun ban taɓa jin sa ba.