Dawar da Malam Talha Ke Zubawa a Kan Lasifika

Shekara talatin Malam Talha na gyaran rediyo a bakin kasuwar Funtua, amma sai bara aka fara ganin gwangwanin dawa a kan teburinsa. In ya gama gyara, sai ya kwantar da lasifika, ya zuba mata ƙwayoyi, ya zura ido. In an tambaye shi ya ce gwaji ne irin na da. Gaskiyar magana, kunnensa ne ya mutu, kuma ya san ran da kasuwa ta gane, ran nan zai rufe shago. Bakin mutane yake kallo, ya kalli rawar dawa.

Wata Laraba Alhaji Ayinde mai sayar da taki ya sauke wata tsohuwar kwamfuta daga bayan babur. Akwai wasan tseren mota a ciki, wanda ya yi ta bugawa yana saurayi. Hoto na fitowa, sauti babu.

"Kiɗan nake so, Malam. Motar ba ta dame ni ba."

Talha ya tono tsohon katin sauti a cikin tarkacensa, ya goge, ya soka. Irin katin nan yana da wata 'yar hula baƙa da ake ɗorawa a kan ƙananan ƙusoshi, kuma dole lambar wurin ta dace da wadda aka zaɓa a cikin wasan. Ya ɗora a biyar, ya zuba dawa a kan lasifika, ya kunna. Dawa ta motsa.

"Ya yi!"

Bai yi ba. Wani shuuu ne kawai ke fita, kamar ana tankaɗe. Ayinde ya dubi dawar, ya dubi mutumin. Da Talha ya juya baya, Ayinde ya kira sunansa a hankali, har sau biyu. Talha bai juyo ba.

Ga masu jiran rediyonsu su uku a kan benci. Ayinde ya zagayo gabansa, ya buɗe baki sosai.

"Haba Malam, dawarka kakkarwa take, kamar mai zazzaɓi. Kiɗan nan da na sani, tsalle zai sa ta."

Talha ya daɗe yana kallonsa. Sannan ya kashe kwamfutar, ya mayar da hular kan lamba bakwai, ya kunna. Ƙwayoyin suka yi ta tsalle har ƙasa, Ayinde na kaɗa kai.

Talha ya ce, "Da ma gwada ka nake, Alhaji." Na kan benci suka yi dariya, ɗayansu ya miƙo rediyonsa.