Madafin Mma Ya Yi Ƙaura

Gidanmu a unguwar Nima yana bakin rafin da kowa ke ce wa gota, wanda ya raba mu da unguwar Maamobi. Madafin mahaifiyata, Mma, shi ne ƙarshen gida, a kan gaɓa. A nan take dafa shinkafa da wake na sayarwa, kuma da shi muke ci, don gadin da Baba yake yi bai isa cefane ba.

Bayan samun 'yancin kai mutane suka yi ta gini a can saman rafin, aka sare itatuwa, aka nome ciyawa. Da an yi ruwa sai rafi ya kwaso yashinsu ya zube a gindin gaɓarmu. Baba ya ga banza ta faɗi, ya ce bulo zai buga ya gina ɗakin siminti. Da yashin ya ƙare sai ya ci gaba da haƙa cikin gaɓar, daidai ƙarƙashin madafi, wai nan ya fi laushi.

"Malam, gindin tukunyata kake ƙwaƙulewa fa," in ji Mma.

"Ke dai ki ji da wakenki. Abin da na ɗiba ruwa zai mayar."

Kai, Baba! Allah ya jiƙansa, amma har yau in na tuna taurin kansa sai raina ya ɓaci.

Wata rana da hantsi aka tsuge da ruwa kamar da bakin ƙwarya. Muna fake a ɗaki muka ji rim! Madafi ya zame cikin gota, bango da murhu da komai. Tukunyar wake ta bi ruwa tana juyi, Baba na bin ta a gaɓa yana salati. Mma ta zauna ta yi kuka, mu ma muka taya ta, don mun san abincinmu ne ya tafi.

Can ƙasa, inda rafin ya yi kwana, nan ruwa ke rage gudu ya sauke kayansa, kuma nan gidan Kawu yake, ƙanin Mma. Da ruwa ya janye, sai ga bayan gidansa ya ƙaru da sabon fili, har da duwatsun murhunmu a ciki. Baba ya ɗauki shebur ya tafi, wai ƙasarsa ce.

"Yaya, ni ban aika a kawo ba," in ji Kawu. "Je ka tambayi gota."

Da filin ya bushe Mma ta ari tukunya, ta je ta jera duwatsunta a wurin, ta hura wuta.

"Madafina bai ɓata ba," ta ce, "ƙaura ya yi."

Masu sayen wake suka bi ta can. Baba kuwa ya gama ɗakin simintinsa, amma in yunwa ta kama shi sai ya taka har gidan ƙanin matarsa. Kullum Kawu na bakin ƙofa yana jiransa.

"Sannu da zuwa, Yaya. An zo duba ƙasa ne?"