Ƙuri'un da Aka Soke a Shagon Sammani Mai Hoto

Malam Sammani Mai Hoto ba mutum ne mai saurin fushi ba, amma idan ya hau, yakan daɗe bai sauko ba. Na san shi tun ina ɗalibi, lokacin da shagonsa na Ƙofar Kaura ke da labule mai zanen jirgin sama, kuma rabin hotunan fasfo na 'yan unguwarmu daga hannunsa suke fitowa. A wurin wani Bayerabe da ya daɗe a Katsina ya koyi ɗaukar hoto, da mutumin zai koma gida ya bar masa kyamara da kayan wankin fim. Shekara ashirin yana wannan sana'a kafin wayoyin hannu su zo su cinye ta. Bai zauna jiran tsammani ba. Ya naɗe labulen, ya koyi gyaran kwamfuta yana da shekara arba'in da biyar. Sunan Mai Hoto dai bai sake shi ba.

Yawancin masu zuwa wurinsa irina ne: malaman makaranta, ƙananan ma'aikata, ɗalibai, masu laftof ɗin gwanjo da suka gama tsufa tun a Turai. Irin waɗannan ba sa iya ɗaukar manhajar manyan kamfanoni, da an kunna su sai nishi. Sammani ya gano wata manhaja ta kyauta, irin wadda ke tafiyar da kwamfuta gaba ɗaya, wadda ba kamfani ne ya mallake ta ba. Masu sa kai ne daga ƙasashe daban-daban ke haɗa ta, kowa na iya leƙa cikinta, ya gyara, ya ba wani. Ita yake sa mana. Yakan ce, "Wannan aikin gayya ne, kowa da fartanyarsa." Kuma ya kai tasa fartanyar. Shekara shida yana da rajista a dandalinsu na intanet, yana kai rahoton matsaloli da ɗan Turancinsa, har ya fassara wasu umarnai zuwa Hausa.

Abu ɗaya ne ke ci masa rai: walfefa, wato hoton da ke shimfiɗe a fuskar kwamfuta idan an kunna ta. Duk sabon zubi na manhajar yakan zo da hotuna goma, kuma kullum ƙanƙara ce, da tsaunuka, da tafki, da itatuwan da ba mu san sunansu ba. Ba wani shugaba ke zaɓar su ba. Gasa ake yi, kowa ya turo nasa, masu rajista su kaɗa ƙuri'a, goman farko su shiga manhajar, duk wanda ya sa ta a duniya ya gan su. Sammani ya yi shekaru yana zaɓar hotunan wasu. A daminar shekarar da nake ba da labari ya zaro tsohuwar kyamararsa ya goge ta.

Dokokin gasar sun hana fuskar mutum da rubutu, kuma ana son gefe ɗaya na hoton ya zama fili, don alamomin kwamfuta su sami wurin zama. Ya bi ta Ƙofar Kwaya ya fita bayan gari a kan babur, zuwa rugar Ja'afaru, wani Bafulatani da matarsa ta daɗe tana kawo nono layin shagon. Ya yi masa bayani.

"Yanzu shanun nan za su shiga kwamfutar Turawa?" in ji Ja'afaru.

"Har da ta mutanen Sin, in Allah ya yarda."

"To bari in ware waccan mai karyayyen ƙaho, kada a ce ba na kula da su."

Safiya uku ya yi yana zuwa. A ta uku an yi ruwa da asuba, gari ya washe. Ya samu fararen shanu goma sha wani abu suna ratsa ciyawa shar, hadari na janyewa a bayansu, gefen hagu kuma babu komai sai sararin sama. Na ga hoton ranar da ya tura shi. Ban san bayan garinmu yana da kyau haka ba.

Da aka buɗe zaɓe ya sanar da mu. Bai ɓoye wane ne nasa ba, amma kowa na da ƙuri'a uku, kuma ya bar mu muka duba sauran. Matsalar ita ce yawancinmu ba mu taɓa rajista a dandalin ba, kuma hotuna sama da ɗari biyu ba sa buɗewa da datar waya. Shagon Sammani ne ke da intanet mai ƙarfi. Saboda haka can muka riƙa zuwa, ɗaya bayan ɗaya, cikin mako biyu. Ni na je bayan an tashi makaranta. Hajiya Lailatu, tsohuwar malamar Turanci da ta yi ritaya ta buɗe makarantar koya wa mata kwamfuta a Ƙofar Kwaya, ta zo da ɗalibanta a Keke Napep uku. Mu sittin da huɗu muka kaɗa. Da aka rufe zaɓe, shanun Ja'afaru ne na huɗu.

Kwana biyu kawai muka yi muna murna.

Ranar Asabar da hantsi na biya shagon, na tarar da Sammani a tsaye. Ban taɓa ganinsa a tsaye a gaban kwamfuta ba. Na yi sallama, ya amsa a taƙaice, bai tambaye ni iyali ba.

"Malam Yazid, zo ka karanta mani wannan. Wataƙila Turancina ne ya gaza."

Turancinsa bai gaza ba. Sanarwa ce daga mai kula da ƙirgar ƙuri'u, wani mutum da ba mu san ƙasarsa ba, wanda ya sa hoton mujiya a maimakon fuskarsa. Tun daga ranar Mujiya muke ce masa. Ya rubuta cewa an gano ƙuri'u sittin da huɗu daga layin intanet ɗaya, duk da sabuwar rajista, wanda ke nuna mutum ɗaya ne ya ƙirƙiro sunaye ya zaɓi kansa. An soke su. Hoton ya koma na goma sha tara. An kuma dakatar da Sammani daga dandalin na wata ɗaya saboda maguɗi. A ƙarƙashin sanarwar wani ya rubuta, "Daga Nijeriya ne fa, me kuke tsammani?" Share irin wannan magana na cikin aikin Mujiya. Bai share ba.

"Ya tambaye ka kafin ya yi haka?" na ce.

"Ko harafi ɗaya bai aiko mani ba. Shekara shida, Malam. Sunana na nan a cikin masu fassara, da ya duba zai gani. Mutum ya zauna a ɗakinsa, a ƙasarsu kowa da layinsa a gida, ya yanke cewa duk duniya haka take." Ya juyo ya dube ni. "Ni kau ban taɓa ƙara wa hoton fasfo haske ba tare da na faɗa wa mai shi ba. Yau ni ne ɗan damfara."

Ni ma raina ya ɓaci, don cikin sunayen da aka ce ƙirƙira ce har da nawa. Ina da mata da 'ya'ya biyar, na yi shekara sha takwas ina koyar da lissafi, amma wani ya danna maɓalli ya ce babu ni.

Tunda an rufe bakin Sammani, sai ta hannun Hajiya Lailatu za a yi magana. Muka same ta a makarantarta. Bayan gaisuwa ta jawo kwamfuta ta gyara tabarau.

"Rubuta mashi cewa maƙaryaci ne," in ji Sammani.

"Bai yi ƙarya ba, Malam. Layi ɗaya ne. Jahilci ya yi."

"To rubuta jahili."

"In na rubuta haka, a kan kalmar za su tsaya, su manta da ƙuri'un. Kana son ka huce ne, ko kana son a gyara?"

"Duka biyun nake so, Hajiya."

"Ɗaya za ka samu yau."

Ya tashi ya fita waje, muna jin sa yana zagaya babur ɗinsa yana tsaki. Da ya dawo ya ce ta rubuta yadda ta ga dama, amma layi ɗaya ba zai bari ba. Ta sa masa shi a ƙarshe: "Kun kira wannan aiki na kowa da kowa. Mun zo, kun ce mu ba mutane ba ne."

Amsar da ta zo ita ce a kawo hujja. Wannan ya fi sanarwar farko ƙona masa rai, amma ya yi. Kwana tara yana rufe shago da azahar, yana bin mutane a kan babur, daga Babbar Kasuwa zuwa sakatariya zuwa gidajen ɗaliban Hajiya, inda yakan tsaya a zaure ya aika a yi masa sallama da maigida. Kowa zai shiga dandalin da wayarsa, ya rubuta sunansa da sana'arsa, ya sa hotonsa riƙe da kwamfutarsa, manhajar a kunne. Wasu sun ƙi. Wani ɗan kasuwa ya ce shi ba zai tsaya a ɗauke shi kamar wanda aka kama da kayan sata ba, kuma Sammani bai ga laifinsa ba. Ni na tsaya, a gaban allon ajina, da laftof a hannu, kuma kamar wanda aka kama ɗin na ji. Mu hamsin da ɗaya muka yi.

Sai dandalin ya rikice. Wata mata daga Peru, 'yar kwamitin gasar, ta rubuta cewa a garinsu ma makaranta guda da maƙwabtanta layi ɗaya suke amfani da shi, kuma ta ji kunyar abin da aka yi. Wasu suka mara mata baya. Wasu suka ce ko da mutanen na gaske ne, tara abokai su zaɓe ka ba daidai ba ne. Da Hajiya ta fassara masa wannan, Sammani ya ce, "Wanda ya zo na ɗaya ya roƙi mabiyansa dubu biyu a fili su zaɓe shi. Nasa abokan jama'a ne, nawa maguɗi."

Kwamitin ya zauna bayan mako uku. Sun ɗage dakatarwar. Sun amince ƙuri'un na gaskiya ne. Sun canza doka, cewa layi ɗaya kaɗai ba zai ƙara zama dalilin soke ƙuri'a ba. Amma sun ce an riga an rufe zubin wannan shekara da hotuna goma, ba za a buɗe ba. Za a sa nasa a cikin ƙunshin ƙarin hotuna, wanda sai mai so ya nema ya sauke. Maganar nan ta Nijeriya ta ɓace daga shafin ba tare da an ce komai ba. Mujiya kuwa layi ɗaya ya rubuta: ya yi aiki ne da bayanan da ke gabansa a lokacin.

"Ƙunshin ƙari," in ji Sammani. "An gayyace ka walima, an ce kai ɓarawo ne a gaban mutane, da aka gane kuskure sai a ce abinci ya ƙare, ga ƙanzo a bayan gida."

Ya je ruga ya faɗa wa Ja'afaru da kansa, don ya ce shi ya yi masa alkawari. Ja'afaru ya saurara har ƙarshe, ya ce, "Sun ce shanun na ƙarya ne?"

"A'a. Mu ne na ƙarya."

Na zaci zai bar manhajar. Na ma tambaye shi. Ya dube ni kamar na zage shi. "In bar wa wa? Da gumina a ciki. Ba gadon gidansu ba ce."

Matar nan ta Peru ta nemi a sa shi cikin masu tantance ƙuri'u a gasa mai zuwa. Kwana uku bai amsa ba, don shiga kwamiti na nufin ba zai ƙara tura hoto ba, kuma zai zauna aiki da Mujiya. A rana ta huɗu ya karɓa, da sharaɗin cewa ba za a soke ƙuri'ar kowa ba sai an rubuta masa an tambaye shi, an kuma jira mako guda. Ya ce wa Hajiya ta rubuta masu cewa ba don ya huce ya karɓa ba. Wannan karon ta rubuta yadda ya faɗa.

Gasa biyu ke nan yana ciki. A ta bara ƙuri'u talatin sun fito daga layi ɗaya a wani gari a Bangaladash. Sammani ya rubuta wa kowannensu, ya jira. Ashirin da shida suka amsa, huɗu kuwa ta tabbata na bogi ne. Mujiya ya yi saurin nuna huɗun a gaban kwamiti. Sammani ya amsa masa da kansa, ba tare da Hajiya ba, da Turancinsa mai gargada: a cire huɗu, a bar ashirin da shida, kuma a tuna cewa da a da ne, duka talatin ɗin za a zubar.

Har yau Mujiya bai ba shi haƙuri ba, kuma Sammani na sane da hakan kullum. Makon jiya na kai masa laftof ɗina, na tambaye shi ko sun shirya.

"Muna aiki tare," ya ce.

Ya juya kwamfutar ya duba ƙasanta, ya ce batirin ya fara kumbura, in daina barin ta a caji kwana da kwanaki.