Jimloli Huɗu da Inna Ta Haddace

Ranar wata Laraba a ƙarshen damina, shekarar da na shiga aji biyu na kwaleji, na dawo daga ɗibar ruwa a famfon unguwa na tarar da ɗakinmu ya turnuƙe da hayaƙin turare, Inna na zaune bakin katifa da ƙoƙon rubutu a hannu. Littafina na Ingilishi kuwa babu shi inda na ajiye. "Zo ki sha," ta ce, ba ta ko dubi fuskata ba.

Watanmu uku ke nan da tasowa daga Damagaram zuwa unguwar Boukoki a babban birni. Baba na tuƙa babbar mota zuwa Kwatano, sai ya yi sati biyu ba mu gan shi ba. Gidan haya ne mai ɗaki shida, sauran biyar ɗin duk Zabarmawa, mutanen kirki ne, amma hirarsu ta tsakar gida wuce mu take yi. A lakwal, wato makaranta, ma haka. 'Yan ajinmu sun san juna tun suna ƙanana, ni kuwa da na buɗe baki sai a kwaikwayi Hausar Damagaram a kwashe da dariya. Malamin Ingilishi, wani dogo mai alli a gefen kunne, ya raba mu bibbiyu don mu riƙa haddace hirarrakin littafi, ɗaya na tambaya ɗaya na amsawa, ranar jarrabawa a fito gaban allo a yi. Da aka gama rabo ni kaɗai na rage. "Ki nemi wani a gida," ya ce, kamar a gida ake ajiye su cikin tulu.

Sai na raba kaina biyu. Kullum bayan la'asar, idan na gama wanke-wanke, sai in zagaya bayan ɗaki wajen igiyar shanya, in yi tambaya da muryata, in juya in amsa da ƙatuwar murya. Ina kika je jiya, me kika saya, da wa kika je. Idan na kuskure in tsawata wa kaina, in sake daga farko. Ashe wata maƙwabciya ta daɗe tana leƙena. Ita ta ja Inna gefe, da guntuwar Hausarta, ta ce yarinyar nan tana magana da wanda ba a gani, kuma yana amsa mata.

Na sha rubutun, don ba a yi wa Inna gardama, sannan na fashe da kuka. Na gaya mata babu wani aljani, rashin abokin yi ne, kuma saura kwana tara jarrabawa. Ta ɗaga katifa ta ciro littafin, ta ce, "To, shi ɗayan me yake cewa?"

Inna ba ta taɓa shiga aji ba. Jimla huɗu ne rabonta, ta haddace su da kunne, tana tsintar shinkafa tana maimaitawa, tana murɗe su yadda Bature da kansa ba zai gane kayansa ba. Ina gyara mata tana cewa in bar ta, harshenta ya tsufa. Rana ta bakwai muka yi hirar daga farko har ƙarshe babu tuntuɓe. Sai ta ce, "Wai ni me nake ta faɗa ne?" Na ce tana cewa jiya ta je kasuwa da ƙawarta, sun sayi tumatir, sun sha hira. Ta yi 'yar dariya. "Wace ƙawa gare ni a garin nan?" Ta ci gaba da tsintarta. Duk watannin nan ina ta tausayin kaina, ban taɓa tambayar da wa take yini ba idan na tafi lakwal.

Yanzu 'yata da waya take koyon Ingilishi. Ta yi tambaya wayar ta amsa, da lafazi mai kyau, ba ta gajiya, ba ta ƙona hannu wajen girki. Ina jin su daga falo ina murna. Inna ta rasu shekarun baya, can Damagaram, cikin danginta. Har yau idan na tuna jimlolin nan huɗu, da karkataccen lafazinta suke zo mini, kuma ba na gyara su.