Shirin Manoma Bayan Takabata

Shekaru da dama ni ke gabatar da shirin manoma a ɗan gidan radiyon garinmu, can yamma da Maradi. Ba a ba ni shi cikin daɗin rai ba. Ranar da na nema, shugaban gidan ya dube ni sama da ƙasa ya ce mace da zancen taki da iri, wa zai saurara? Na ce ai ni a gona aka yaye ni, shi kuwa ko hauya bai iya riƙewa ba. Ya yi dariya ya ce in gwada. Bakina bai taɓa barina na zauna lafiya ba, amma ranar ya yi mini rana.

Na gwada kuwa. Mijina ya koya mini tuƙa moto, wato babur, a bayan lakol, makarantar bokon garinmu, ina faɗuwa yana tafa mini. Na riƙa rataya na'urar ɗaukar murya ina bin ƙauyuka, ranar kasuwar Gidan Rumji ina cikin masu hatsi, wata rana har Cadawa in na ji labarin manomin da ya bar itatuwa suka tofu a gonarsa. Da farko maza suna magana suna kallon gefe. Daga baya su ke kirana, wannan tsutsa ta ci masa zangarniya, wancan ruwa ya yanke masa bayan shuka. Na so aikin nan so mai tsanani, har na fara gaya wa 'yan mata cewa zamanin a ce wannan aikin maza ne ya wuce. Na yarda da abin da nake faɗa.

Sai mijina ya kwanta ciwo ana tsakiyar damina, bai tashi ba.

Na shiga takaba kamar yadda Allah ya ce, kuma ban taɓa jin haushin wannan ba. Ina bukatarta ma, don lokacin ko sunana aka kira sai an maimaita. Abokan aiki suka zo gaisuwa. Shugaba ya tsaya a zaure ya aiko cewa in kwantar da hankalina, shirina yana nan yana jirana, wani zai riƙe mini kafin in fito. Wanda zai riƙe ɗin ni na koya masa yadda ake tsayar da dattijo ya yi magana ba tare da ya tsorata da na'ura ba. Ina ɗaki ina jin sa a radiyo yana buɗe shirin da irin sallamata. Wani lokaci in yi murmushi, wani lokaci in kashe.

Da na fita takaba na yi wanka, na ɗaura zane mai haske, na tafi buro, wurin aikinmu. An tarbe ni da fara'a, har da lemo. Sannan shugaba ya kira ni gefe.

"Madam, mun yi shawara. Ke yanzu ga marayu, ga ba namiji a gida. Yawon ƙauye bisa moto bai kamace ki ba, mutane za su yi magana. Mun tausaya miki, mun ba ki shirin girke-girke da gaishe-gaishe. Kina zaune cikin inuwa."

Na mayar masa da irin Faransancinsa, na ce, "Mushe, bara da matar mai shirin wasanni ta rasu, ana gama sadakar bakwai ya dawo. Shi ma da marayu. Wa ya tausaya masa ya karɓe shirinsa?"

Ya ce, "Haba Madam, ai ba ɗaya ba ne."

Nan ya fi ni gaskiya, ba ɗaya ba ne, kuma ni ce na daɗe ina yaudarar kaina. Da zagina ya yi da na san abin da zan mayar masa, don ba a fi ni baki ba. Amma mutum yana karɓe maka abu yana cewa don yana jin ƙanka ne, kowa a buro yana gyaɗa kai, har matan. Ɗaya ta ja ni ta ce in gode Allah ba a sallame ni ba. Na rasa wanda zan yi faɗa da shi. Na koma gida na yi kukan da ya fi na wasu ranakun takaba ɗaci, na kuma ji kunyar hakan.

Na karɓi girke-girken, yara sai sun ci. Yau shekara ta kewayo ina koya wa matan da suka fi ni iya tuwo yadda ake miyar kuka. Moton na jingine a zaure, tayoyin sun sace. In 'yan mata suka tambaye ni ko mace za ta iya kowane aiki, nakan ce za ta iya. Sauran zancen nake haɗiyewa.

Kaka da ta wuce na je kasuwar Gidan Rumji sayen wake. Ina cikin ciniki sai wani tsoho da ke zaune kan buhu ya ɗago kai, ya kasa kunne.

"Ɗiyata, sake magana in jiya. Ba ke ta mai shirin manoma ba?"

Na ce ni ce, Baba.

Ya yi salati ya dafe ƙirji. "Ashe kina raye! Mu can ƙauye mun ji an yi rasuwa gidanku, daga nan ba mu ƙara jin muryarki ba wurin zancen gona. Sai muka aza ke ta. Wallahi har addu'a mun yi miki a masallaci."

Na ce, "Na gode, Baba. Allah ya karɓa."