Karas ɗin da ba a ci

Iyaye mata, in 'yarku ta dawo daga jami'a da iri a ƙulle, ku tambaya kafin ku ba ta fili.

Na cire alayyahuna daga damshin bakin famfo na bar wa Rahila wurin, don ganyen shukarta sak na karas. Wata uku ina korar kaji. Jiya na tumɓuke ɗaya, sai saiwa kamar zare.

"Ke, ina karas ɗin?"

"Mama, ba na ci ba ne. Furen fadama ne, ƙudan zuma na shuka wa. Ba su da abinci a Kaduna."

Wato ni ina sayen alayyahu, baƙi masu harbi suna walima a tsakar gidana.

Ku faɗi ra'ayinku, amma doka ta zauna: abin da ba ya shiga tukunyata, ba ya shiga ƙasata.