Shuɗiyar Igiyar Yayana

Yayana ya yi ci-rani sau huɗu a Legas yana turin kurar ruwa, amma in ka ji shi yana zuba a bakin masallaci sai ka rantse shi ya haƙa tekun. Tun da ya dawo, komai na Madarumfa ya zama abin dariya a wurinsa, daga furarmu har yadda muke gaisuwa. Abin da ya fi tsone masa ido kuwa sana'ar ubanmu ce, wadda da ita aka ciyar da shi har ya yi bakin raina ta.

Baba tufka yake yi. Yana shuka rama a gefen gona, in ta ƙosa ya yanke, ya ɗaure dami-dami, ya danne a bakin tabki da laka har sai ta fara wari. Sannan ya saɓe ɓawon, ya wanke, ya buga, ya shanya. Duk rani yana inuwar bishiyar bedin ƙofar gida, bakin igiya a babban yatsan ƙafa, yana murzawa a cinya. Cinyarsa ta dama ko gashi ɗaya babu. Yakan yi ta kaba, yakan yi ta ɓawon kuka in an matsa masa, amma rama ce abin alfaharinsa.

Igiyar guga da ta ɗaurin kaya tufka uku yake musu daga farko har ƙarshe. Ta dabba kuwa, daf da wuya, yakan bar wani ɗan wuri kamar tsawon tafin hannu mai tufka biyu, siriri. Shi yake ce masa ƙofa. Yakan ce dabbar da ta ja don kwaɗayin ciyawa ba za ta iya tsinke wurin ba, amma wadda ta ja don ranta za ta fita. Kowa a gidanmu ya san wannan, har Yaya, wanda yake gaya wa mutane wai tsoho yana rage ƙarfin igiya ne don a dawo a sayi wata.

A shekarar da nake magana ina da sa guda, fari mai baƙin kunne. Da kuɗin ƙuli-ƙuli na saye shi yana ɗan maraƙi, na yi shekara uku ina ba shi dusa da harawa, ni ina cin abin da ya samu. Niyyata in an yi kaka in kai shi kasuwa in sayi injin markaɗe, in huta da bin layi a gidan mutane da roba a ka. Mijina bai da ko kaza a cikinsa, kuma bai taɓa cewa yana da ita ba. Da damina, da yake ko'ina shuka ce, nakan kai san nawa fadamar bakin tabki in ɗaure shi a kututturen wata bagaruwa, in wuce gona.

Wata rana zuma ta taso masa. Ya ja don ransa, ƙofar Baba ta buɗe, ya ruga. Da zumar ta rabu da shi sai ya samu kansa a gonar waken wani maƙwabcinmu, mutumin da ko inuwarsa ba ya son a taka. Har gaban mai gari aka kai ni. Na durƙusa ina ba da haƙuri a gaban maza, Yaya yana gefe da tabarau yana kaɗa kai kamar shi aka ɓata wa wake. Na ji kunyar da ban taɓa ji ba.

Washegari Yaya ya zo gidana da igiyar roba shuɗiya mai sheƙi, wadda ya sayo a Jibiya. Ya ce da irinta ake ɗaure jirgin ruwa a Legas, kamar ya taɓa ganin jirgin a kusa. Ya ce aro ya ba ni, in gwada, in ga bambancin zamani da ƙauyanci. Na san halinsa sarai, na san bai taɓa kiwon ko akuya ta kai shekara a hannunsa ba. Duk da haka na karɓa, don haushin jiya bai sake ni ba, kuma gaskiya igiyar ta yi mini kyau a wuyan farin sa. Kallon kitse na yi wa rogo.

Baba ya gan mu mun wuce ta ƙofar gida. Bai daina murza ramarsa ba. Uwata yake kirana, don sunan mahaifiyarsa gare ni.

"Uwata, igiyag ga ba ta da ƙohwa," ya ce.

"Shi ya sa na ɗauke ta, Baba," na ce masa.

Ya ci gaba da murzarsa. Har yau in na tuna yadda na faɗi maganar, da ɗan murmushina, sai in ji kamar in mari kaina.

An yi kusan sati uku lafiya. Yaya ya bi gari yana ba da labari, har wasu suka fara saƙo a sayo musu. Ranar da abin ya faru ko ɗigo ba a yi a Madarumfa ba, rana ce ƙwal. Amma duk wanda aka haifa a nan ya san ruwan tabkinmu ba sai an yi shi a kanmu ba. Can wajen garin Gabi aka kwana ana zuba shi, gulbi ya ɗauko, ya shigo da hantsi. Ina gona a tudu ina maimai, ban san komai ba sai da wata mata ta zo da gudu ta ce fadama ta cika.

Kafin in isa na haɗu da saniyar wata tsohuwa ƴar unguwarmu, wadda ake ɗaurewa kusa da nawa. Tana tafe a hankali, jiƙe sharkaf, guntuwar ramar Baba tana lilo a wuyanta. Ta ja don ranta, ta fita, tana komawa gida abinta.

Nawa ya ja shi ma. Masuntan da suka hango shi daga nesa sun ce ya yi ta zagaye kututturen yana fizga, igiyar tana naɗewa tana gajarta, har ta ja kansa ƙasa. Ruwan bai ma wuce ƙirjin mutum ba. Da suka iso da kwalekwale ya riga ya daina motsi, babu wanda ya samu sa masa wuƙa. Shekara uku ta zama mushe, ko tsoka ɗaya ba ta halatta ba. Ƙullin ya shige cikin fatar wuya, ya ƙi kwantuwa, dole wani masunci ya yanke igiyar kafin a ja shi gefe. Na zauna cikin laka na yi kuka kamar an yi mini mutuwa, ban ji kunyar kowa ba.

Mata sun yi ta shigowa jaje har la'asar. Baba ya zo, ya zauna a bakin ƙofa, ya ce Allah Ya mayar da alheri, ya tashi. Da ya zage ni da ya fi mini sauƙi.

Yaya sai bayan kwana biyu ya leƙo. Ya yi jajensa a tsaye, ya ce ƙaddara ce, ya ce laifin masu ɗaure dabba a fadama ne. Sannan ya yi gyaran murya ya tambayi igiyarsa, tunda aro ce. Na ɗauko ta a bayan rumbu inda na jefar, na miƙa masa. Ya warware ta, ya auna da hannuwa gaba-gaba, ya tsaya a inda aka yanke yana dubawa.

"Wa ya yanke min ita?" ya ce. "Ai da kun kwance a hankali. Kun rage min kusan gaba guda."

Na dube shi, uwa ɗaya uba ɗaya. Ya naɗe abarsa a kafaɗa, ya gyara tabarau, ya ce in gaida maigidan in ya dawo.